Nomau da Turmin Surukarsa

Ranar da injin Nomau ya tuɓe masa wando, rabin matan Kara-Kara suna kan hanyar gidan biki, hanyar kuwa ta ƙofar rumfarsa ta bi. Yana tsaye yana gyaran wani akushi, itace na juyawa, ƙarfe na hannunsa, sai ya ji mota ta tsaya a bakin titi. Ya waiwaya. Bakin zariya ya leƙo, inji ya cafke, ya nannaɗe ta kamar mai kaɗin zare, ya zare ta tas. Wando ya sauka har idon sawu ba ko sallama. Allah ya so dattijo rigarsa ta kai gwiwa, amma ƙafafun nan biyu kamar sillen kara, kowa ya gani. Mata suka toshe baki da mayafi, dariya na fita ta hanci. Wata tsohuwa ta ce, "Malam Nomau, yau kuma kai ake sassaƙawa?"

Ya riƙe wando da hannu ɗaya, idonsa na kan motar. Buhunan albasa aka sauke. Ba Aisa ba ce.

Mu maƙwabta mun san wadda yake jira. Aisa matarsa ce, sun haura shekara arba'in tare, ta yi yaji tun kafin ruwan fari ta koma Gidimuni, gidan ƙanenta Suma'ila. Yaji da furfura! Dalilin kuwa sai an faɗi sana'ar mutumin tukuna.

Nomau ɗan masassaƙan Dakusa ne. Ubansa gungume guda yake kayarwa ya fafe akushi da gizago. Shi kuwa ko da ya shigo Damagaram manyan itatuwa sun ƙare, 'yan da suka saura masu tsaron daji sun sa musu ido, ga kwanon roba ya cika kasuwa. Abokansa suka watse, wasu kabu-kabu, wasu Agadas. Shi ya ƙi. Ya shiga bin kafintoci yana tsintar guntayen da suka zubar, da karyayyar ƙotar fartanya, da tsohon ƙyaure. Sai ya yanka su ƙanana kamar ƙwayar sukari, ya jera su zobe ya manne da kol, gam ɗin kafintoci, ya ɗora zobe kan zobe kamar mai ginin rijiya. Aduwa mai haske, maɗaci ja, kirya mai duhu, kowa da mazauninsa. In ya bushe ya ɗaura a injin da ya haɗa da tsohon injin niƙa, ya yi ta shafta har ya yi sumul, ya shafa man gyaɗa. Sai zane ya fito kamar na bangon gidajen Birni. Ba a zuba masa miya mai zafi, na kallo ne. Mu dai mun ce kwanon da ba a ci a ciki ai wahalar banza ce, amma in ya juya baya mu ma mukan shafa.

Cutarsa ɗaya: ba ya ganin itace ya ɗauke ido. In ya zo gidanka gaisuwa, zauna a kan kujerarka kar ka tashi.

To akwai wani turmi a tsakar gidansa, na uwar Aisa, Allah ya jiƙanta. Kirya ce tsohuwa, ta sha hannu har ta yi baƙi tana ƙyalli. Ya tsage ta gefe, an daɗe ba a daka a ciki. Amma shi aka kifa aka zaunar da Aisa a kai aka yi mata wankan amarci, a kansa aka zaunar da 'yarsu Hajjo, kuma shi ake ajiye wa jikarsu Wasila, mai aikin jinya, da za a yi bikinta bayan kaka. Nomau ya san duk wannan. Amma kullum ya fito alwala sai ya ga baƙar kiryar nan, irin wadda ba a samu yanzu ko da kuɗi, zuciyarsa ta ce, tsagaggen turmi ne fa. Ranar da Aisa ta tafi suna ƙauye ta kwana biyu, ya ɗauko zarto.

Gaskiya dai gaskiya ce, akushin da ya fito bai taɓa yin irinsa ba. Baƙin nan ya bi jikinsa yana hawa yana sauka kamar sawun maciji a rairayi. Da Aisa ta dawo, shi ya tare ta da shi, baki har kunne. Ta dubi akushi. Ta dubi inda turmi yake, ba komai sai zagayen da gindinsa ya bari a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba, mu da muka kasa kunne ta katanga mun yi asarar tsayuwa. Ta dafa masa tuwo, ta wanke tukunya ta kife. Da safe ta ɗaure ƙullinta.

Da farko ya yi ta cika baki wai kwana uku za ta yi. Damina ta sauka, gero ya yi kai, shiru. In ya kira salula sai a ba yara su ce ta tafi lambu. Mutum ya rame, hularsa ta yi masa yawa. In la'asar ta yi matan unguwa suka fara daka, sai ka ji injinsa ya mutu. Yana nan zaune a kan benci, hannu a gwiwa, yana sauraron luguden gidajen mutane har a gama. Yakan share tsakar gida da kansa, amma tsintsiya ba ta taɓa zagayen nan. Da ruwa ya shafe shi, sai ya sa yatsa ya sake zana shi.

Ya tafi biko da goro, da akushin a naɗe cikin sabon zane. Ya same ta bakin tafki tana wanke rogo.

"Aisa, ga shi na kawo miki. Naki ne, ba zan sayar ba."

"Sannu da hanya, Malam," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Turmi na bari. Wannan me zan yi da shi? In zaunar da Wasila a ciki kamar ƙwai?"

"Ai ya tsage."

"Ni ma na tsattsage. Sai ka kawo zarto."

Ya dawo da akushinsa a cinya. Washegari muka ga ya hura wuta a ƙofar rumfa ya ɗora babbar tukunya. Mutari mai shayi, da ke gefensa, ya leƙa ya ga akushin ne zai jefa a ruwan zafin, ya yi salati.

"Nomau, kanka ɗaya? Wannan da wani Alhajin Kano ya yi ta sintiri a kansa zai saya ka hana?"

"Ƙara mini itace."

"Mu da muke kawo baƙi su gani! Ka tura dattijai mana su ba ta haƙuri."

"Dattijai ne suka yanka? Ƙara itace na ce."

Kol ya saki, zobe ya rabu da zobe, guntaye suka taso suna yawo kamar nama a miya. Nomau na tsamo baƙaƙen ɗaya-ɗaya yana jerawa a faifai, ido na zuba. Ya ce hayaƙi ne. Iska kuwa can take kai hayaƙin, wajen Mutari.

Turmi ya sa gaba. Kiryar da ta saura ba ta kai ko kwata ba, sauran ya zama gari tun ranar zarto, sai ya cike da aduwa da maɗaci. Baƙar ya tara ta duka a gindi, wurin da ke komawa sama in an kife, inda amarya ke zama. Inji bai saba da kaya mai nauyi haka ba, ya yi ta kuka yana wari, wuta kuma a kawo a ɗauke. Sai da aka fara yankan gero ya gama.

Ya sauke shi a tsakar gidan Suma'ila da hantsi. Suma'ila na kwance a tabarma ƙarƙashin dabino, 'ya'yansa na gona, shi yana shan rake. Aisa ta fito daga madafa. Ta zagaya turmin, ta kife shi da kanta. Ta ɗora tafin hannu a kan baƙin itacen ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta gyara zane ta zauna, tana kallon ƙasa. Nomau na tsaye da hula a hannu, ya rasa inda zai sa ido.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

"Ba shi ba ne," in ji Nomau.

Ta ƙara shafawa. "Koma da shi. Ka ajiye inda ka ɗauke wancan, kar rana ta buge shi. In na zo ran kasuwa na tarar da ko ƙwarzane, kai da Allah."

Suma'ila ya tofar da ɓawon rake ya taso ya ƙwanƙwasa turmin da yatsa.

"Yaya, da wannan za a mayar da ke? Taɓarya ɗaya ya watse. Mijin yaya, tsakani da Allah, turmin da ba ya daka me ake ajiye shi yi?"

Nomau ya sa hularsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ma ba ka daka ba ka niƙa, Suma'ila, ga shi shekara sittin ana ajiye da kai a gidan nan, ba wanda ya sa ka a murhu."