Malama Tilaga da Zamanin da Aka Ce Duhu Ne

Kullum da safe Malama Tilaga kan shiga jirgin ƙasan cikin gari na LRT a unguwar Wangsa Maju da ƙullin abincinta a jaka, ta sauka kusa da jami'ar da ke Lembah Pantai. Ofishinta wani ɗan lungu ne a bayan laburare, fankarsa ta fi ba da ƙara a kan iska. A nan ta tsufa tana koya wa ɗalibai karanta tsohon rubutun harshen Tamil da aka sassaƙa a kan dutse da tagulla. Wannan watan za ta yi ritaya.

Lailatu, 'yar Zariya da ke digiri na uku a tarihi, ita ta fi kowa sanin darajarta. Lailatu ta zaɓi bincike a kan zamanin Kalabhra, wasu ƙarnoni a tarihin Tamilawa da rubutun da ya saura daga cikinsu bai taka kara ya karya ba, har ake ce musu zamanin duhu. Kwamitin sashe ya faɗa mata ƙarara: ko ta kawo hujja kafin ƙarshen zango, ko ta tattara ta koma gida hannu rabbana.

Malama Tilaga ba ita ke duba aikin ba, kuma babu wanda ya ɗora mata. Duk da haka ta ja wa Lailatu kujera, suka yi ta bin hotunan allunan tagulla harafi bayan harafi. Ta nuna mata cewa allon da ya kira sarakunan Kalabhra mugaye, bayan faɗuwarsu aka rubuta shi, a fadar waɗanda suka gaje su. Sai ta tambaye ta ko a ƙasar su Lailatu ba a taɓa yin haka ba.

Lailatu ta tuna sarakunan Haɓe. Kusan duk abin da aka koya mata game da su a makaranta daga bakin waɗanda suka kawar da su ya fito, ita kuwa ba ta taɓa tambaya ba. Kunya ta kama ta, daɗi kuma ya biyo baya.

"To rubuta wannan lah," in ji Malama, da "lah" ɗin da mutanen garin ke rufe zance da ita. "Kada ki ƙirƙiro abin da babu. Ki tambaya wa ya ce duhu ne, kuma me ya rasa a zamanin."

A kan wannan tambaya Lailatu ta sake gina aikin. Kwamiti ya matse ta sosai, amma ya amince, yanzu saura gyare-gyare.

Malama Tilaga, ke ce mai haƙuri da baƙon harshe. Kin ji Bahaushiya tana karya kalmomin kakanninki, kin yi dariya, kin sa ta maimaita har suka zauna. Ba ki tambayi addininta ba, ba ki nemi a sa sunanki a bangon kundi ba. Mun gode, Allah Ya ba ki lafiya da hutu mai daɗi.

Mu kuma malamai 'yan Najeriya da ke garin nan, mu daina tambayar ɗalibi ɗan wace jiha ne kafin mu saurare shi. Da matar nan ta yi irin lissafinmu, da yau Lailatu tana Zariya tana yi wa mahaifinta bayanin yadda aka yi ta dawo.