Makin da na rage wa yarinyar da na fi so

Lokacin da abin nan ya faru ni amarya ce a Dantchiao, can tsallaken iyaka, 'yar Najeriya daga wajen Babura, ga takardar koyarwa a akwati, ga ji da kai. Da kwamitin iyayen yara suka ji an kawo mai jin Ingilishi gari, suka roƙi mijina ya bar ni in riƙa taimaka wa malamin Ingilishi na lekol, wato makarantar boko, wanda kowa ke kira Mushe, yadda suke ce wa malami da Faransanci, saboda aiki ya yi masa yawa, shi kaɗai ke zirga-zirga a babur tsakanin makarantu biyu. Horon da aka ba ni bai wuce direkta, shugaban makarantar, ya miƙo min alli ya nuna min ƙofar aji ba. Faransanci ko gaisuwa ban iya ba, ban kuma tambayi kowa yadda karatunsu yake tafiya ba. A ganina makaranta ai makaranta ce.

Da farko aikina in karanta yara su maimaita, kamar rediyo. Daga baya Mushe ya sakar min gwajin mako, ya ce in ba da maki bisa ashirin in miƙa masa, ya hau babur ya wuce. A ajin akwai wata yarinya 'yar manoma, siririya, mai kunnen tsiya: in faɗi kalma sau ɗaya ta cafke. Har gida take biyo ni ta taya ni ɓarar gyaɗa muna hira da Ingilishi. Na so ta har raina, kuma son nan ne ya jawo komai. A inda na yi karatu, malamar da ta fi sona ita ta fi matse min maki don kada kaina ya kumbura, kuma ko ka faɗi da wuya a hana ka wucewa aji na gaba. Sai na yi wa yarinyar nan haka. Inda ta cancanci sha takwas in ba ta tara, in ce ta ƙara ƙoƙari. Takan kalli takardar ta naɗe ta, ni kuwa ina jin daɗi wai ina gina ta.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne, a nan ba makin wasa. Kowane gwaji ana tara shi da na sauran darussa a fitar da abin da suke kira moyen, wato matsakaicin maki, wanda ya gaza ya maimaita aji, wanda ya riga ya maimaita a sallame shi. Yarinyar ta taɓa maimaitawa shekarar da uwarta ta yi jinya. Lissafi ya fi ƙarfinta, Ingilishi ne kaɗai zai ɗaga ta. A zaman malamai na ƙarshen shekara aka yi ta magana da Faransanci ina zaune kamar tukunya, sai da na ji an kira sunanta na tambayi Mushe. Ya ce an kore ta, da ɗan kaɗan ta rasa. Na rantse masa ni na rage mata da gangan, na yi kuka, na roƙi direkta. Ya ce sakamako ya riga ya wuce sama, kuma ni ba ni da suna a cikin malamai balle a saurare ni. Mushe ya ce ya ɗauka na sani.

Ubanta ya zo ƙofar gidanmu da la'asar, daga gona yake. Na so ya zage ni, bai zaga ba. Ya ce ba shi da halin kai ta makarantar kuɗi a Magaria, ya zo ne kawai ya ji abu ɗaya. "Madam," ya ce, "ita fa kullum cewa take ke kika fi sonta a ajin."

Tun daga ranar ban sake riƙe alli ba, kuma ban ga ranar da zan yafe wa kaina ba. Na rubuto ne don masu ɗauko baƙon malami su cusa shi aji. Iya harshe daban, sanin dokar wurin daban. Ku zaunar da shi ku faɗa masa har abin da kuke ganin kowa ya sani. Kai kuma baƙo, tambayi nauyin abin da aka ɗora a hannunka kafin ka taɓa 'ya'yan mutane da shi.

Yanzu yarinyar awara take soyawa a kasuwar Sassumbrum. Duk ranar da na ratsa sai ta miƙe ta gaishe ni da Ingilishi, ba kuskure ko ɗaya, sannan ta tambaye ni da Hausa ko ta ɗan gyaru. Har yau ta ɗauka ita ce ba ta iya ba.