Dabino Huɗu, Zagaye Uku

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa motar ɗaukar ma'aikata a wani kamfanin gine-gine a nan Riyadh, ƙusa ta karce ni a babban yatsan ƙafa. Ƙaramin rauni ne, amma sati uku yana ruwa ya ƙi kamewa. Da na gaji na je asibiti. Likitan Basudane ne, dattijo mai sanyin murya. Ya sa aka ɗebi jinina, ya duba takarda, ya dubi tumbina, ya sake duba takarda. Ya ce, "Ya Hajj, suga ne. Bai yi nisa ba tukuna. Amma in ka ci gaba da zama a bayan sitiyari kana cin shinkafa safe da yamma, zai yi."

Ni kuwa na san suga. Shi ya ci ƙafar mahaifina, ni na riƙa ɗaukar shi zuwa bayi har shekara biyu kafin Allah Ya karɓi abinSa. Na fito daga asibitin na zauna a mota, na fi rabin awa ban tayar ba. Shekarata arba'in da huɗu. Matata da 'ya'yana huɗu suna Gusau, kuma da wannan ƙafar nake taka totur in aika musu abinci.

Mutumin da na fara faɗa wa shi ne abokina, wani mutumin Maraɗi da ke gyaran kekuna a wani shago a Ulaisha. Siriri ne kamar sanda, ba ya zama wuri ɗaya. Yana ɗaure da wata taya ya saurare ni har na gama, bai ce sannu ba. Ya nuna min wata takarda manne a bangon shagon, da hoton wani mutum yana fitowa daga ruwa. Ya ce wasu masu kawo masa gyara ne suke shirya gasa ta 'yan koyo idan sanyi ya shigo. Tiriyatulon suke kiranta. Mutum zai yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, duk a jere ba hutu.

Na ce, "Kai, ni da ko kududdufi mahaifiyata ba ta taɓa bari na shiga ba?"

Ya ce, "To mi? Wata bakwai garai. Keken ni zan haɗa maka. Ruwan kuma ka tahi ka koya, ai ba a ciki aka haihe su ba."

Ban san abin da ya sa na amince ba. Ina jin tsoro ne ya yi min yawa, na rasa inda zan kai shi.

Keken da ya haɗa min, kowane sashe daga wani keke daban ya fito. Jikin shuɗi, ƙafar gaba ja, sirdin kuwa na keken tsofaffi ne mai faɗi, wai don ya ɗauke ni. Ya bar min ƙararrawa a kai. Duk Juma'a da Asabar bayan sallar asuba sai mu gangara kwarin Wadi Hanifa daga unguwar Suwaidi, inda nake zama. Ranar farko na yi abin da bai kai minti ashirin ba na sauka na rungumi itacen dabino ina haki. Abokina yana ta zagaya ni a kan nasa keken yana cewa, "Alhaji, icen bai yi maka komi ba, sake shi."

Iyo ne ya fi ba ni wuya. Bayan na sauke ma'aikata da safe ina da sarari har azahar, sai na yi rajista a wani ƙaramin wurin motsa jiki mai wurin iyo, masbah kamar yadda ake ce masa a nan. Mai koyarwar ɗan Masar ne. Sati biyu cur ina riƙe da bakin bango ina buga ƙafa. Da ya raba ni da bangon, sai na koma shan ruwan. Kullum maganarsa ɗaya: "Rufe baki, ya Hajj, ruwan ba na sha ba ne." Ranar da na fara ƙetare masbah ɗin daga wannan bango zuwa wancan ba tare da na taɓa ƙasa ba, na kira matata ina murna. Ta ce, "Baban yara, wai aiki ka je yi ko wankan rafi?" Amma daga ranar duk waya sai ta tambaye ni sau nawa na ƙetare.

Na rage shinkafa. Shayi na koma sha ba sukari, ina ɓata fuska kamar mai shan sabara. 'Yan ɗakinmu suna cin kabsa, shinkafar nan ta Larabawa da nama, ina gefe da kokwamba da ƙwai. Raunin ƙafar ya warke. Bel ɗina ya matsa rami ɗaya, sannan biyu.

Ranar gasar Juma'a ce, a wata unguwa mai katanga can arewacin gari, kan hanyar filin jirgi. Mun isa gari bai gama wayewa ba, da sanyin nan na Riyadh mai shiga ƙashi. Da na ga kekunan mutane sai jikina ya mutu. Wasu da yatsa biyu ake ɗaga su. Masu su kuma sun sha matsattsun kaya, kowa ciki a shafe. Ni ga dogon wandona har ƙasan gwiwa, ga riga mai aljihu, ga keke mai ƙararrawa. Aka rubuta min lamba a dantse da baƙin alli. Wani Balarabe mai riƙe da takardu, shi ne shugaban shirin, ya yi bayani da Larabci da Turanci. Abin da ya fi nanatawa shi ne keke zagaye huɗu ne, kuma kowa shi zai ƙirga wa kansa, ba su da na'urar ƙirge.

Mun riga mun yi dabarar wannan da abokina. Ya san in na gaji kaina ba ya riƙe lissafi, sai ya sa min dabino huɗu a aljihun riga. Likita ya yarje min ɗan dabino in ina aikin ƙarfi. Duk zagayen da na gama in ci ɗaya. In aljihu ya zama wayam, in sauka.

Aka fara sakin mu cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ina faɗawa duk abin da ɗan Masar ya koya min ya gudu. Wani ya hambare ni a kafaɗa, na shaƙi ruwa, na kama igiya ina tari. Mai tsaron ruwan ya sunkuyo ya ce, "Halas? Ka fito?" Na girgiza kai. Na yi bisimilla na sake farawa a hankali, yadda na saba, kamar tsohuwar akuya tana ƙetare rafi. Mutum biyu kawai na bari a ruwa lokacin da na fito.

Na iso wurin kekuna idona yana ganin duhu-duhu. Na sa riga, na ɗaura hular kwano, hannuna ya shiga aljihu da kansa na jefa dabino ɗaya a baki. Wallahi ban ma san na yi ba. Na hau keke na fita.

A kan keke ne raina ya dawo. Iska tana busar da ni, rana ta fara leƙowa, ƙafafuna suna juyawa yadda suka saba a Wadi. Masu kekunan nan marasa nauyi suna wuce ni fiu-fiu, ni kuma in na cim ma wani sai in kaɗa masa ƙararrawa, mu yi dariya. Na gama zagaye na ci dabino. Na gama wani na ci. Na gama wani na ci, na laluba aljihu, babu saura. Na karya kan keke na shiga wurin ajiya.

Abin da na gani ya ba ni mamaki. Fiye da rabin kekunan ba su dawo ba. Wata baiwar Allah cikin masu taimakawa ta tafa min tana cewa masha Allah. Nan take na ji kaina ya kumbura. Na ce ashe haka nake? Har na fara tsara yadda zan ba 'yan ɗakinmu labari. Na rataye keke, na cire hula, na kama hanyar gudu ƙirji a gaba.

Sai na ji muryar abokina daga bayan shinge. "Alhaji! Alhaji! Ukku kay yi!"

Na matsa kusa da shi ina haki. Na ce, "Huɗu. Dabino ya ƙare."

Ya ce, "Nan nike tsaye tun ɗazu. Sau ukku ka wuce ni. Ina kallon ka sa'adda kac ci guda tun ba ka hau ba."

Sai a lokacin na tuna. Na ji kamar an kwara min ruwan sanyi. Na waiga. Babu wanda ya lura. Shugaban shirin yana can yana magana a waya, masu taimakawa suna tafa wa wasu. Cinyoyina sun riga sun yi nauyi, ga gudu yana jira na. In na ci gaba, a tsakiyar mutane zan gama, ni da ko a mafarki ban sa ran haka ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ce masa, "Ka yi shiru mana. Wa ya sani?"

Bai yi min wa'azi ba. Ya dube ni, ya sauke hannunsa daga shingen, ya ce, "To tahi. Ni ban ga komi ba." Ya juya min baya yana kallon wajen motoci.

Na yi taku kamar goma a guje. Na goma sha ɗaya ya ƙi. Mutumin nan wata bakwai yana tashi da asuba ranar hutunsa saboda ni, yau kuma na sa shi ya juya baya don kada ya gan ni. Na tsaya, na juyo, na bi ta cikin masu fitowa gudu ina ba su hanya, na je wajen shugaban shirin. Da guntun Larabcina na ce masa zagaye uku na yi, ina so in koma in cika.

Ya sauke wayar ya dube ni. Ya ce, "Wa ya ce maka uku ne?"

Na ce, "Ni."

Sai ya ce, "Yalla, sa hularka." Da kansa ya sauko min da keken.

Zagaye na huɗu ni kaɗai na yi shi, in ban da wasu biyu da na hango suna shigowa. Iska ta juyo tana dukan fuskata. Babu dabino, babu wanda zan kaɗa wa ƙararrawa. Amma da na zo wucewa ta wajen shingen, ga abokina ya hau kan wani dutse yana kaɗa hularsa yana ihu da Hausa, Larabawa da Turawa suna kallon sa.

Gudun kuwa ba na ce gudu na yi ba. Ƙafafun kamar na aro. In yi sassarfa zuwa waccan fitilar titi, in yi tafiya zuwa ta gaba. Rana ta ɗaga, zufa tana shiga min ido. Waɗanda suka gama har sun fara tura kekunansu zuwa mota da lambobin yabo a wuya. Ashe labari ya zaga. Wani dogon Bature ya tsaya ya ɗaga min yatsu huɗu. Wani Ba'indiye ya ajiye jakarsa ya bi gefena yana sassarfa har kwanar ƙarshe.

Ni ne na ƙarshe. Sun fara naɗe tutoci, amma sun bar ƙofar gamawa a tsaye. Shugaban shirin ya rataya min lambar yabo, ya kama kaina da hannu biyu ya sumbaci goshina. Na zauna a ƙasa hawaye yana zuba. Abokina ya tambaye ni lafiya, na ce maganin ruwan masbah ne ya shiga min ido. Ya ce, "Ƙwarai kuwa, tun awa biyu da sunka wuce."

Bayan sallar Juma'a na kira gida. Matata ta ce, "Na nawa ka zo?"

Na ce, "Na ƙarshe."

Ta ce, "Da ƙafarka ka ƙarasa, ko ɗauko ka aka yi?"

Na ce da ƙafata. Sai na ji ta ɗaga murya tana faɗa wa yara, "Babanku ya gama!" Gidan ya kaure da ihu kamar na ciyo kofi.

Na sha tunanin taku goman nan da na yi. A gaskiya sun fi zama min a rai fiye da gasar gaba ɗaya. A da ina ɗaukar kaina mutumin da ba zai taɓa cin abin da ba nasa ba, ashe dai ban taɓa gajiya sosai ba ne a inda babu mai gani. Ban ji daɗin sanin haka ba, amma gara da na sani. Kuma na ga cewa mutum yana iya yin taku goma a kan kuskure ya juyo, duniya ba ta tashi ba. Kunyar minti biyu ce.

Tun daga nan na shiga irin wannan gasa sau biyar, ban taɓa shiga cikin na gaba ba, kuma ba na jin zan shiga. In Allah Ya kai mu sanyin bana akwai wata. Duk wanda ya je kallo ya ga wani mai furfura a can baya, yana wuce shinge yana ɗaga murya shi kaɗai yana cewa "biyu!", kada ya ɗauka taɓin hankali ne. Ni ne. Ku amsa min da ƙarfi, don kada in manta.