Sukarin da sanyi ya ɓoye wa Profira

Profira Munteanu ta yi shekara talatin da ɗaya tana juya kwalabe, ni kuma na yi ashirin da takwas a gefenta. A ramin dutse na kamfanin giya da ke bayan ƙauyenmu muka yi aikin. Ana soke kwalaben giya mai kumfa a jikin katako, kai a ƙasa, mu kuma mu bi muna murza kowace kaɗan, kullum, har lakar yis ta gangaro wuya a fitar da ita. Profira tana juya dubu talatin kafin a tashi. Da aka kawo injin da ke yin aikin, aka ba mu fure da takardar yabo, aka sallame mu.

Mijinta Gavril ya mutu ya bar mata gonar inabi a gangaren da rana ba ta daɗewa. Inabin wurin ba ya zaƙi sosai, tsami gare shi mai kama haƙori, irin wanda giya mai kumfa ke so. Ɗanta ɗaya, Valeriu, yana aikin gini a Padova, can Italiya. Shekarar da ta faɗi a bakin rijiya ta wuni ba wanda ya sani, ya zo da takardar sayar da gona da gida.

"Mama, ki sa hannu mu tafi. Akwai ɗaki, akwai likita."

"Ɗaki a hawa na huɗu? Ni tantabara ce?"

Suka yi kwana uku suna ja. A ƙarshe ya ba ta shekara ɗaya. Wani mai gidan abinci a Kishinau, babban birninmu, ya ce zai karɓi giyar hannu in ta yi kyau. In ta yi, Profira ta zauna a gidanta. In ba ta yi ba, ta sa hannu.

Muka tsinke inabin da wuri, muka matse, muka zuba a ganga. Sanyi ya sauko da wuri a shekarar, tun Oktoba ba ta ƙare ba. Gangar ta daina motsi. Profira ta ɗanɗana ta ce yis ya cinye sukarin, giya ta gama. Ni ma na ɗanɗana, tsami kawai na ji. A watan Maris ta ƙara sukari giram ashirin da huɗu a kowace lita, kamar yadda muka sha ji ana faɗa a kamfani, muka cika kwalba ɗari shida muka rufe.

Abin da ba mu sani ba, yis bai gama ba. Sanyi ne ya kwantar da shi, tsami kuma ya rufe mana zaƙin da ya rage. A kamfani akwai 'yan mata masu farar riga a bene da ke auna wannan da na'ura. Mu a ƙasa muke, kwalba tana zuwa mana a rufe. Shekara talatin muna riƙe da giya, ba mu taɓa yin ta ba.

Da ɗumin Afrilu ya shiga ɗakin ƙasan gidanta, yis ya farka ya tarar da sukari ya yi yawa, iska ta cika kwalabe, ta farko ta fashe. Kafin azahar goma sha ɗaya sun bi ta, domin in ɗaya ta tashi tana ɗaukar maƙwabtanta.

Na tarar da Profira ta ɗaura tsohuwar ragar waya a fuska, ta sa rigar sanyin Gavril.

"Ke Axenia, ɗauko kwando. Rijiya za mu sa su, sanyin ruwa zai kwantar da su."

"Kin haukace, tsohuwa. Ido biyu gare ki."

"Ɗaya ya ishe ni kallon fuskarki. Kama igiya."

Ita ke sauka ɗakin ƙasa, ni ina bakin rijiya ina zura kwando. Kwalba shida take ɗaukowa, tana tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Ƙafafunta cikin kumfa da gilashi. A sawu na tara ɗaya ta tashi a hannunta, ta tsaga mata tafi. Ta naɗe da ɗankwali ta koma. Rijiya ta ɗauki kwalba casa'in, ba wurin ƙari.

Valeriu ya zo hutun Ista bayan kwana shida. Ta wanke ɗakin ƙasa, ta lulluɓe ragowar da barguna, ta ce wuƙa ce ta yanke ta. Muna cin mamaliga, tuwon masararmu, da cuku sai ƙasa ta ce dum.

"Mene ne wannan?"

"Kyanwa ce," in ji ta.

Ta biyu ta biyo baya, ta uku kuma ta girgiza cokula.

"Kyanwar taki da bindiga take yawo, Mama?"

Ya sauka ya duba. Da ya hau bai yi faɗa ba. Ya kwance ɗankwalin ya ga tafin ya kumbura, ya ajiye takardar sayarwar a gefen kwano. Ta dube ni. Ta sa hannu da hagu.

Wanda ya sayi gonar ya tumɓuke inabin ya shuka masara. Kwalaben rijiya ni na kwashe zuwa gidana, saba'in da huɗu suka tsira. Na juya su da yatsuna da suka riga suka ƙage, na fitar da laka, na buɗe ɗaya a watan Disamba. A kamfani ma ban sha irinta ba.

Na kira Profira a waya, can Padova, na gaya mata. Ina jin ƙarar motoci ta tagarta.

"Kin bar laka a ciki," ta ce. "Na san hannunki."