Suna Huɗu, Gurbi Uku

Tana gabana a layin rajistar inshorar lafiya, doguwar mace sanye da shuɗiyar rigar masu goge-gogen ofis. Sabulu ya cinye mata fatar hannu. Daga yadda take sauya ƙafa, ina jin tun asuba ba ta zauna ba.

Ma'aikacin yana duba takardarta. "Baiwar Allah, abin da za ki iya biya na mutum uku ne. Kin rubuta huɗu."

"Babu ragi, ɗan'uwa?"

"Wallahi ba ni na tsara ba."

Ta ari bironsa, tana bin sunayen da yatsa: nata, na mahaifiyarta, na 'ya'yanta biyu. Sai ta soke nata.

"Ni ai ba na ciwo," in ji ta. "Ina na ga lokacinsa?"