Jar Fitila da Dauriyar Hajiya Kulu

Hajiya ta goya jikanta! Da kanta ta sunkuya, ta ɗora shi a baya, ta ɗaure zani, ba wanda ya riƙe ta.

Af, assalamu alaikum. Murna ta mantar da ni gaisuwa. Na san tun kafin damina ba ku ji ɗuriyata a nan ba, jinyar maiɗakina Hajiya Kulu ce ta ɓoye ni. Rubutuna na makarantar dare ne, da furfura na koye shi, ku karanta da haƙuri.

Abin ya fara da gajiya. Sana'ar Hajiya turara shinkafa a nan Argungu, mace ce mai sauke tukunya daga murhu ita kaɗai. Sai ta fara hutawa tsakanin ɗaki da madafa. Daga nan hannu ya ƙi ɗaguwa, ɗankwali ma sai an ɗaura mata.

Ran da ta yi sujada ta kasa tasowa, ni na ɗago ta.

Ɗaki ya zama duniyarta. Katifa, buta, taga. Tana jin mata na shanya a tsakar gida, ƙamshi na gaya mata an bar shinkafa ta wuce kima a wuta, amma ba halin fita. Ni ma na bar zuwa fadama.

Ana cikin haka autarmu Saratu ta zo goyon ciki daga Gulma. Hajiya kuwa ita ke yi wa matan unguwarmu wankan jego shekara da shekaru. Ta ce mini, "Malam, ɗiyan mutane duk ni nay yi musu wanka. Tawa ɗiya sai a ɗauko wata?"

Muka tafi asibiti a Birnin Kebbi, muka sauka ɗakin hayar ɗanmu. Aka ɗibi jini, aka yi hoto. Shinkafar da na ajiye ta ci, a kuɗin asibiti ta ƙare. Tsorona shanyewar ɓarin jiki.

Likita ya ce, "Ba shi ba ne, Baba. Jininta ya yi ƙasa, naman jikinta ya gaji, kwanciya kuma ta ƙara sanyaya shi." Ya rubuta maganin ƙarin jini, ya tura mu sashen gashin ƙashi.

A can muka haɗu da Sista, Bayarabiya haifaffiyar Birnin Kebbi. Ta jawo wata fitila mai jan haske ta saita a cinya da kafaɗa, don jiki ya saki kafin motsa gaɓoɓi. Ta ce, "Mama, ɗumi kawai muke so. In ya yi zafi ki faɗa."

Ta faɗa wa wadda ba ta faɗa. A wurin Hajiya, maijegon da ta yi ƙara a ruwan zafi ta ba gidansu kunya, kuma zafin da bai ratsa ba, ba magani ba ne. Sista na zagayawa bayan labule wurin wata mara lafiya, Hajiya ta ja jiki ta matsa dab da fitila. Ta daure.

Fatar cinya ta tashi.

Aka dakatar da gashin sai ƙunar ta warke. Muka koma ɗakin haya, ba Argungu, ba asibiti. A nan waya ta same mu cewa Saratu ta sauka, namiji. Ƙanwar Hajiya ce ta fara wankan. Hajiya ta juya fuska ga bango, ko suna ba mu je ba.

Da muka koma asibiti, Sista ta ce, "Baba, Mama ba ta da baki a kan zafi. Kai fa, kana ganewa?"

Ina ganewa mana. Tun tana amarya, in abu ya ci mata rai ba ta magana, babban yatsan ƙafarta take lanƙwashewa.

Aka ba ni kujera wajen ƙafafunta. Da na ga ya lanƙwashe sai in ce, "Sista, ja fitila baya, yatsa ya yi magana."

Hajiya ta harare ni. "Malam, mi nay yi maka ka zan mai tona man asiri?"

A hankali ta riƙe bango, ta riƙe sanda, ta ajiye sanda. Aka sallame mu ana gab da arba'in.

Yau da safe ita ta tsoma ganye a ruwan zafi ta yi wa Saratu wanka. Na jiyo ta daga zaure tana cewa, "In ya yi zafi ki hwaɗi, ɗiyata."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likita da Sista, da duk wanda ya kira ban ɗauka ba.

Masu tsofaffi a gida, gajiyar da ta ƙi tafiya ku kai ta asibiti. Kada ku sayi fitila a kasuwa ku gasa mutum da ka. Hasken ma ba shi kaɗai ya yi aikin ba, sai da magani da motsa jiki. Kuma ku zauna kusa, iyayen nan namu ba sa cewa wayyo.

Jibi Saratu za ta koma Gulma. Kafin nan ku zo ku gani da idonku. Za ku tarar da Hajiya a tsakar gida da goyo, tana kiransa angonta, wai ni an sallame ni. Ƙofa a buɗe take, ku zo!