Ralebese Nkhahle da Taraktar da Ba Ta da Gaba

Haihuwa da karatu

An haifi Ralebese Nkhahle a watan Yuli na shekarar 1944, dusar ƙanƙara na zuba, a ƙauyen Ha Phatela cikin tsaunukan Mokhotlong na ƙasar Lesotho. Mahaifinsa Sekoati manomin alkama ne, mahaifiyarsa Maralebese kuwa masaƙiyar hulunan ciyawa. Dukiyar gidan gona guda ce, a rataye a kafaɗar dutse bisa ƙauyen, wadda kakansa ya tsince duwatsunta da hannu. Ya yi shekara huɗu a makarantar mishan. Masu cewa tun a lokacin aka ga alamar baiwa a tare da shi ba su zauna aji ɗaya da shi ba. Mai wannan rubutu ta zauna, kuma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne barci a jikin bangon da rana ke duka.

Aiki da aure

A shekarar 1963 ya bi sahun mazan ƙasar zuwa ramukan zinariya na Welkom da ke ƙetaren iyaka, inda ya koyi walda da gyaran injunan ƙarƙashin ƙasa. Ya auri Malikeleli a 1969, suka haifi 'yarsu ta fari, Likeleli. Da aka sallame shi a 1987 ya dawo gida, limaman mishan suka bar masa tsohuwar taraktar lambunsu, ƙarama kamar maraƙi, wadda ta daɗe a mace a gindin bishiya har kaji na ƙwai a kujerarta. Ya tashe ta, tana huɗar lambunan kwari, amma da tayoyin baya kaɗai take ja.

Satar shanu

A 1994 ɓarayi suka kore shanun huɗar ƙauyen, nasa da na maƙwabta. Bisa al'ada, gonar da ta shekara biyu a jere ba a nome ta ba, sarki na iya miƙa ta ga wani, kuma tuni wani surukin sarki ya fara hawa yana auna ta da ido. Ralebese ya gwada hawa da taraktar, tayoyin baya suka yi ta murzawa a wuri guda, gabanta ya ɗaga sama kamar doki mai tutsu. Sai ya ja sarƙa daga inji zuwa tayoyin gaba domin su ma su ja. Amma na gaba ƙanana ne, na baya manya, takunsu bai zo ɗaya ba, sarƙar ta tsinke ta tafi da yatsunsa biyu. Daminar farko ta wuce.

Har gobe ana cewa kakanninsa ne suka nuna masa mafita a mafarki. Da aka tambayi Malikeleli, cewa ta yi, "Mafarkin me? Mutumin da minsharinsa ke hana jakin maƙwabta barci? Zama ya yi ya tuna cewa ba a haɗa sa da maraƙi a karkiya ɗaya."

A hunturun 1995 ya samo matacciyar tarakta irin tasa a bayan kantin wani ɗan kasuwa, aka ɗauko ta gunduwa-gunduwa a kan jakuna. Ya yanke gaban kowace ya yar, ya haɗa bayan biyu da gaɓa a tsakiya mai lanƙwasawa kamar ƙugu, ya sa inji ɗaya ya juya su duka ta hanyar sandar ƙarfe da ya ciro daga wata rusasshiyar a-kori-kura. Tayoyi huɗu, girma ɗaya, taku ɗaya.

Maza suka riƙa taruwa lulluɓe da barguna suna kallo. Wani tsoho ya ce, "Baban Likeleli, wannan dabba taka ɗuwawu biyu gare ta. In ta tashi, ina za ta nufa?"

"Inda kai ba ka iya hawa, kawu."

Hawan dutse

A watan Nuwamba na 1995, bayan ruwan farko, ya ɗaura garma ya nufi dutsen. Mai wannan rubutu ta koyar da kimiyya shekara talatin, ta san dalilin da ya sa abin ya yi aiki, amma sanin bai hana ta mamaki ba. Taraktar ta kama hanyar da doki ke hawa da nishi, tana karya ƙugu a kowace kwana kamar mai rai, taya ɗaya bai zame ba. Matan da ke kan hanyar rafi suka sauke bokitai. Ido aka zuba, ƙauye guda, har baƙin layin huɗa na farko ya bayyana can sama a jikin dutsen. Surukin sarki ya cire hularsa, ya daɗe bai mayar ba.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Ya ci gaba da nome gonarsa da ta duk wanda aka sace wa shanu, amma bai sake mallakar ko saniya ɗaya ba. Cikin 'ya'yansa, Likeleli ce kaɗai ta yarda ta koyi tuƙin. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2011, yana da shekara sittin da bakwai, ana gab da huɗa.

Al'ada ce a yanka bijimin sa domin ya raka mamaci, ga shi garke babu komai. Wani daga cikin dangi ya ce, cikin raha, sai dai a yanka taraktar, tunda ita ce san marigayi. Malikeleli ta ɗago daga tabarmar makoki ta ce, "Ku nemo sa a wani wuri. Wannan akwai aiki a gabanta."

Gidajen da ya nome wa gonaki suka haɗu suka kawo san. Aka binne shi a maƙabartar Ha Phatela kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Likeleli, da Sekoati, da Nthati, da Ramosa. Da aka gama zaman makoki, Likeleli ta ɗaura garma ta hau dutsen.